Yadda za ka auna ɗan wasan hoki da alƙaluma ba tare da sun ruɗe ka ba

Duk mai ɗan'uwa ko aboki a lardin Kebek na ƙasar Kanada, kuma irin waɗannan suna ƙaruwa a Garwa da Marwa da Ngaundere da Injamena saboda Faransanci ya sauƙaƙa wa ɗalibai da ma'aikatanmu zama a can, ya san cewa hira da mutanen Montreal ba ta yin nisa sai maganar hoki, wasan da ake bugawa da sanduna a kan ƙanƙara, ta shigo. Ta wannan ƙofa ce wasu matasanmu suka fara bin gasar NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a shekarar 1917, kuma a yau take da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. Matsalar mai bin gasar daga nan ita ce lokaci. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a Montreal cikin watannin hunturunsu ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na dare a Kamaru da Chadi, saboda haka mafi yawanmu ba ma ganin wasan, sai dai mu buɗe waya bayan sallar asuba mu tarar da jadawalin alƙaluma. Wanda ya kalli wasa da idonsa yana da abin da zai gyara masa fahimta idan lamba ta ruɗe shi. Wanda ba shi da komai sai jadawali kuwa, dole ne ya koyi binciken inda kowace lamba ta fito, domin lambar da ke gaban sunan ɗan wasan hoki tana ɗauke da ƙwarewarsa, tana kuma ɗauke da damar da kocinsa ya ba shi, da abokan da aka haɗa shi da su, da sa'ar da ta faɗo masa a wannan kaka.

Kafin a shiga matakan, ya kamata tsarin wasan ya zauna a kai, domin daga gare shi ne duk ruɗanin yake tasowa. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara: 'yan gaba uku, 'yan baya biyu, da mai tsaron raga. Wasan kashi uku ne, kowanne minti 20. Ƙungiya tana zuwa da 'yan wasa 18 ban da masu tsaron raga biyu, yawanci sahu huɗu na 'yan gaba da sahu uku na 'yan baya, kuma ana sauya su ne wasa yana tafiya, ta yadda mutum bai cika wuce minti ɗaya a kan ƙanƙara ba kafin ya koma benci. Maki kuma jimillar ƙwallayen da mutum ya ci ne da waɗanda ya taimaka aka ci, kuma a kan kowace ƙwallo ana iya rubuta wa mutum biyu taimako. Wato ko tauraro mafi girma yana shafe wajen kashi biyu cikin uku na wasan a zaune, kuma koci ne yake zaɓar mintunan da zai tashi.

Mataki na farko: raba makin bisa yawan mutanen da ke kan ƙanƙara

Idan ɗan wasa ya yi ƙaramin laifi, alƙalin wasa yana fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar. Waɗannan mintuna na rinjaye su ne mafi sauƙin cin ƙwallo a hoki, kuma koci ba ya raba su daidai tsakanin 'yan wasansa: mutum biyar ne suke kwashe mafi yawansu, wasu biyar su samu ragowar, saura kuma ba sa ɗanɗanawa ko kaɗan. Don haka abu na farko da za ka yi idan ka ga makin mutum shi ne ka raba shi gida biyu, wanda ya samu ana biyar da biyar, da wanda ya samu lokacin rinjaye. Shafin NHL kansa yana nuna wannan rabo, haka ma shafukan alƙaluma na Hockey-Reference da Natural Stat Trick, kuma duka ana buɗe su kyauta.

Masu bin ƙwallon ƙafa a Garwa sun san irin wannan hisabi. Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport, ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, kuma biyun da ya ci Burkina Faso a wasan buɗe gasa duka bugun fanareti ne. Babu wanda ya ce ba ƙwallaye ba ne, amma mai hankali ba ya kwatanta mai bugun fanareti da wanda ba a ba shi bugawa ba tare da ya ware su gefe ba.

Ƙungiyar Edmonton a kakar 2022-23 misali ce mai kyau. A wannan kaka ta ci ƙwallo a kashi 32.4 cikin ɗari na damar rinjayen da ta samu, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a tarihin gasar. Connor McDavid ya tara maki 153, kuma 71 daga ciki lokacin rinjaye ya same su. Shi McDavid ko an cire masa waɗannan yana nan a sama. Wanda ya kamata a duba da kyau shi ne abokin wasansa Ryan Nugent-Hopkins, wanda ya kai maki 104 a wannan kaka, kusan rabinsu lokacin rinjaye, sa'an nan a kaka ta gaba ya sauko zuwa 67. Ɗan wasa ne nagari a duka kakannin biyu, amma wanda ya ɗauki 104 a matsayin ma'aunin ƙarfinsa na gaskiya ya auna sahun rinjayen Edmonton ne gaba ɗaya, ya rubuta sakamakon da sunan mutum ɗaya.

Mataki na biyu: mayar da makin zuwa minti 60

Da zarar ka ware makin biyar da biyar, sai ka duba mintunan da mutum ya buga. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba maki da jimillar mintuna, ka ninka da 60. A ce ɗan wasa ya samu maki 60 a wasanni 82 yana buga minti 20 kowane wasa, mintunansa 1,640 ke nan, wato kusan maki 2.2 a kowane minti 60. Wani kuma ya samu maki 40 kacal a wasanni 82 yana buga minti 12, mintunansa 984, wato kusan 2.4. A jadawalin da aka saba gani na farko ya yi wa na biyu nisa, alhali na biyun ne ya fi amfani da lokacin da aka ba shi.

Sai dai kada a zarce da wannan lissafi. Ba a cewa da an ba mai minti 12 minti 20 da ya ci gaba da wannan gudu, domin ƙarin mintunan suna zuwa ne tare da gajiya da kuma abokan hamayya masu ƙarfi. Mintunan kansu ma shaida ne, tunda koci yana ganin 'yan wasansa a atisaye kullum, kuma ɗan bayan da ake ba minti 25 a kowane wasa an amince da shi ne a kan wani dalili. Amfanin lissafin shi ne ya nuna maka wanda ya cancanci a sake dubawa.

Mataki na uku: su wa aka haɗa shi da su

A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa, domin jadawali yana jera mutane ɗaya bayan ɗaya kamar kowa shi kaɗai ya yi wasansa. Tarihin gasar cike yake da mutanen da makinsu ya yi tsalle saboda wanda aka ajiye a gefensu. A kakar 1988-89, Rob Brown na Pittsburgh ya ci ƙwallo 49 ya tara maki 115 yana wasa tare da Mario Lemieux, wanda shi kuma ya tara 199 a wannan kaka. Brown bai sake kusantar wannan adadi ba har ya yi ritaya. Labarin Jonathan Cheechoo ya fi fitowa fili, domin ana iya bin sa shekara bayan shekara. A ƙarshen watan Nuwamba na 2005 ƙungiyar San Jose ta karɓo Joe Thornton daga Boston, ɗaya daga cikin gwanayen miƙa ƙwallo na zamaninsa, aka haɗa shi da Cheechoo. A wannan kaka Cheechoo ya ci ƙwallo 56, ya fi kowa a gasar, Thornton kuma ya tara maki 125 ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa. Kakanni uku da suka biyo baya Cheechoo ya ci 37, sai 23, sai 12, rauni kuma ya taimaka wajen wannan gangarowa. Wanda ya kalli 56 ita kaɗai zai sa shi a sahun manyan maciya ƙwallo na tarihi, wanda ya kalli 12 ita kaɗai kuma zai raina shi, kuma duka biyun sun yi kuskure.

Hanyar bincike a nan ita ce a kwatanta abin da ke faruwa idan mutanen biyu suna tare da abin da ke faruwa idan an raba su. Natural Stat Trick yana ba ka damar zaɓar 'yan wasa biyu ka ga alƙaluman ƙungiyar lokacin da suke kan ƙanƙara tare, da lokacin da kowannensu yake ba tare da ɗayan ba. Idan ɗaya ya ci gaba da haskakawa ko da wa aka haɗa shi, ɗayan kuma ya dusashe da zarar an raba su, ka san wanda yake ɗauke da sahun. Ka lura da yawan mintunan da aka raba su ɗin, domin idan mutum biyu kusan kullum suna tare, 'yan mintunan da suka rabu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma sau da yawa wanda aka raba da tauraro an jefa shi ne cikin sahu na uku ko na huɗu, inda kowa makinsa yake raguwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin taimako na farko, wato na wanda ya miƙa wa maci ƙwallo kai tsaye, da taimako na biyu, na wanda ya taɓa ta kafin nan. Na biyun wani lokaci aiki ne na gaske, wani lokaci kuma mutum ya tura ƙwallo ne kawai ga gwani a can bayan fili, gwanin ya yi sauran. Idan makin ɗan gaba ya ƙaru a wata kaka kuma ƙarin kusan duka taimako na biyu ne, kada ka yi tsammanin zai maimaita.

Mataki na huɗu: wane aiki koci ya ba shi

An raba filin hoki gida uku da layuka biyu shuɗɗa: yankin tsaro, tsakiya, da yankin hari. Duk lokacin da wasa ya tsaya, alƙali yana jefa ƙwallo tsakanin mutum biyu a ɗaya daga cikin waɗannan yankuna, kuma a nan koci yake zaɓar wanda zai tura. Wani ɗan wasa ana tura shi ne idan jefin yana kusa da ragar abokan hamayya, wani kuma ba a kiransa sai ƙwallo tana bakin ragarsu. Koci Alain Vigneault ya yi fice da wannan rabo a Vancouver: tagwayen nan 'yan Suwidin, Henrik da Daniel Sedin, suna fara mafi yawan shigarsu a yankin hari, Manny Malhotra kuma an bar masa yankin tsaro. Henrik ya fi kowa maki a gasar a kakar 2009-10, Daniel kuma ya fi kowa a 2010-11. Gwanaye ne ba shakka, amma wani ɓangare na makinsu an gina shi ne a kan mintunan wahala da wasu suka ɗauke musu, kuma ƙarancin makin Malhotra bai nuna gazawa ba, tunda ba aikin ci aka ba shi ba.

Haka batun abokan hamayya yake. Ƙungiyar da ke gida ce take da damar sauya 'yan wasa a ƙarshe bayan wasa ya tsaya, don haka kocinta yana iya zaɓar wanda zai tare tauraron baƙi. Patrice Bergeron na Boston ya shafe shekaru yana wannan aiki. Bai taɓa kai maki 80 a kaka ɗaya ba, amma ya lashe kyautar Selke, wadda ake ba ɗan gaba mafi iya tsaro, har sau shida kafin ya yi ritaya a 2023, kuma babu wanda ya kai shi yawanta. Jadawalin maki ba zai taɓa nuna maka darajarsa ba.

Ma'aunin da ya fi kama irin wannan aiki shi ne wanda ake kira Corsi, da sunan Jim Corsi, tsohon mai horar da masu tsaron raga a Buffalo. Ana ƙirga duk yunƙurin bugu zuwa raga, wanda ya isa da wanda ya bauɗe da wanda aka tare, na ƙungiyar ɗan wasa da na abokan hamayya lokacin da yake kan ƙanƙara, a fitar da kason ƙungiyarsa. Sama da kashi 50 cikin ɗari yana nufin wasan ya fi karkata zuwa ragar abokan hamayya. Hikimar abin ita ce ƙwallaye kaɗan ake ci a wasa, yunƙuri kuwa yana da yawa, don haka ya fi saurin nuna inda wasa ya karkata. Amma shi ma yana buƙatar a sa shi a mahallinsa ta hanyoyi biyu. Na farko, a kwatanta kason ɗan wasa da na ƙungiyarsa lokacin da yake benci, domin kashi 48 a ƙungiyar da take yin 44 idan ba ya nan ya fi kashi 52 a ƙungiyar da take yin 55. Na biyu, a lura da yadda ci yake a allo: ƙungiyar da ake ci tana matsawa da bugu, wadda take gaba kuma tana ja da baya ta kare, saboda haka ɗan wasan ƙungiya mai rauni yana iya tara yunƙuri mai yawa a kashi na uku na wasannin da an riga an gama da su. Shafukan alƙaluma suna da zaɓin da yake gyara wannan karkata, kuma shi ya kamata a danna. Irin waɗannan bayanai dalla-dalla sun fara samuwa ne daga kakar 2007-08, don haka ba a iya auna mutanen da suka yi wasa kafin nan da su.

A nan ne ya dace a yi maganar lambar nan mai alamar tarawa ko ɗebewa da ke fitowa a kowane jadawali, domin ita ce ta fi kowace yaudarar sabon mai kallo. Ana ƙara wa ɗan wasa ɗaya idan ƙungiyarsa ta ci yana kan ƙanƙara, a rage masa ɗaya idan an ci su, amma ƙwallon da ƙungiya ta ci lokacin da take da rinjaye ba ta shiga lissafi, alhali idan aka ci ta a wannan lokaci ana rage wa mutanenta. Wato gwanin lokacin rinjaye ba ya iya samun riba daga aikin da ya fi iyawa, sai dai asara. Alex Ovechkin ya ci ƙwallo 51 a kakar 2013-14, ya fi kowa a gasar, kusan rabinsu lokacin rinjaye, ya kuma gama da ɗebe 35. A kakar 2009-10 kuwa, wanda ya fi kowa a wannan ma'auni shi ne Jeff Schultz, ɗan bayan Washington, da tara 50, ba don ya fi sauran 'yan bayan gasar ba, sai don yana cikin ƙungiyar da ta fi kowace cin ƙwallo a wannan kaka. Mafi muni a tarihi shi ne ɗebe 82 na Bill Mikkelson a 1974-75, kakar farko ta Washington, inda ƙungiyar ta ci wasa 8 kacal cikin 80. Wannan lamba labarin ƙungiya take bayarwa fiye da na mutum, kuma shawarata ita ce a duba ta a ƙarshe, in ma za a duba.

Mataki na biyar: ware sa'a

Ka raba ƙwallayen da mutum ya ci da yawan bugun da ya kai raga. Matsakaicin gasar yana yawo ne a wajen kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari, gwanayen ci kuma suna ɗara haka, amma kowane ɗan wasa yana da matsayin da ya saba, kuma idan ya yi masa nisa a wata kaka yawanci yana komowa. William Karlsson ya ci ƙwallo 6 a Columbus a kakar 2016-17. Da ya koma sabuwar ƙungiyar Vegas ya ci 43, kashi 23.4 cikin ɗari na bugunsa suna shiga. Wani ɓangare na wannan tsalle gaskiya ne, domin ya tashi daga ƙananan sahu ya koma sahu na farko, mintunansa suka ƙaru. Amma kashi 23 ba abin da ake riƙewa ba ne, kuma a kaka ta gaba ya ci 24, adadin da ya fi kama da ainihin ƙarfinsa.

Akwai ma'aunin da yake faɗaɗa wannan zuwa ƙungiya gaba ɗaya, ana kiransa PDO. Ana haɗa kason bugun ƙungiya da ya shiga raga da kason da mai tsaron ragarta ya tare lokacin da ɗan wasan yake kan ƙanƙara. A gasar gaba ɗaya jimillar ɗari ce cif, tunda kowane bugu ko ya shiga ko an tare shi. Idan ka ga ɗan wasa yana da 104 a watan Nuwamba, ana ta yabonsa, ka jira zuwa Fabrairu. Idan ka ga wani yana da 96 ana zaginsa, ka duba ko mai tsaron ragar da ke bayansa ne yake cikin mummunan lokaci. Ƙungiya mai gwanin mai tsaron raga da gwanayen ci tana iya zama sama da ɗari kaɗan na tsawon lokaci, amma kaɗan ɗin ne. Wasanni goma na farkon kaka ba su isa shaida ba, haka ma zagaye ɗaya na wasannin neman kofin Stanley, kofin zakarun gasar, zagayen da ba ya wuce wasa bakwai.

Mataki na shida: wane zamani, wace gasa

Wannan mataki shi ne na masu gardamar wa ya fi wa. A kakar 1981-82, lokacin da Wayne Gretzky ya ci ƙwallo 92, ana cin kusan ƙwallo 8 a kowane wasa idan an haɗa na ƙungiyoyin biyu. Zuwa kakar 2003-04 adadin ya sauko zuwa biyar da ɗoriya, saboda masu tsaron raga sun sauya salo, kayan kariyarsu sun ƙara girma, koci-koci kuma sun ƙware a toshe tsakiyar fili. A 1992-93 mutum 21 ne suka kai maki ɗari, a 2014-15 kuwa Jamie Benn ya fi kowa da 87. Ranar 6 ga Afrilu 2025 Ovechkin ya wuce ƙwallaye 894 na Gretzky, adadi mafi yawa a tarihin gasar kafin nan, a wasansa na 1,487, daidai yawan wasannin da Gretzky ya buga, kuma ya yi hakan ne a zamanin da ci ya fi wuya. Ta ɓangaren maki kuwa babu gardama, domin taimakon Gretzky kaɗai, 1,963, ya fi jimillar makin kowane ɗan wasa a tarihin gasar ban da shi kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta mutum da tsararrakinsa na wannan kaka, a ga tazarar da ya ba na biyu da na goma. A kuma duba tsawon kakar: an buga wasa 48 kacal a 1994-95 da 2012-13, wasa 56 a 2020-21, a 2004-05 kuma ba a buga ko ɗaya ba saboda rikicin albashi.

Gasa ma ta bambanta. Filin NHL faɗinsa kusan mita 26 ne, filin da aka saba da shi a Turai kuma mita 30, don haka makin da aka tara a Suwidin ba ya sauya zuwa na NHL ɗaya da ɗaya. Idan kuma 'yan'uwa suka aiko da alƙaluman wani yaro da ke gasar matasa ta Kebek, inda ake haɗa 'yan shekara 16 da 'yan 20, tambaya ta farko ita ce shekarunsa, domin maki ɗaya a kowane wasa daga ɗan shekara 17 ya fi nauyi nesa ba kusa ba a kan wannan adadi daga ɗan shekara 20.

Masu tsaron raga suna da nasu hisabi

Yawan nasarori na ƙungiya ne, ko da yake da sunan mai tsaron raga ake rubuta su. Martin Brodeur ya tara 691, ya fi kowa, kuma gwani ne, amma ya yi shekarunsa ne a bayan tsaron New Jersey, wanda ya shahara da hana bugu. Dominik Hasek kuwa a Buffalo ya fi kowa kason tarewa kaka shida a jere, kuma sau biyu, a 1997 da 1998, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya. Kason tarewa ya fi nasarori gaskiya, amma tazararsa siririya ce ƙwarai: bambancin kashi 91.5 da 90.5 a bugu 1,800 ƙwallaye 18 ne, abin da ya isa ya sauya matsayin ƙungiya a teburi. Shi ma zamani yana taɓa shi, domin Grant Fuhr ya lashe kyautar Vezina ta masu tsaron raga a 1988 da kason da bai kai 89 ba, adadin da a shekarun 2010 zai iya raba mutum da aikinsa. Abin da ya rage shi ne ingancin bugun, tunda bugu daga bakin raga ba ɗaya yake da bugu daga layin shuɗi ba. Shafuka irin su MoneyPuck suna ƙiyasta yawan ƙwallayen da ya kamata a ci bisa nisa da kusurwa da irin bugun, su kwatanta da waɗanda aka ci a zahiri, kuma wannan tazara ita ce ta fi kusa da aikin mai tsaron raga shi kaɗai.

Akwai wasu alƙaluma da ya kamata a yi musu kallon nesa: yawan bangaza, yawan ƙwace ƙwallo, da yawan zubar da ita. Mutane ne a kowane filin wasa suke ƙirga su da ido, kuma abin da mai ƙirga na wannan fili ya kira bangaza, na wancan yana iya ƙyale shi. Idan kana son amfani da su, ka duba na wasannin waje kaɗai, inda masu ƙirga daban-daban suka yi aikin. Ka kuma tuna cewa mai yawan bangaza da yawan tare bugu da jiki sau da yawa ƙungiyarsa ce ba ta riƙe da ƙwallo, kuma mai yawan zubar da ƙwallo sau da yawa shi ne wanda ta fi zama a sandarsa.

Bayan duk wannan, idan kuɗin data ya ba da dama, ka nemi kashi ɗaya cikakke na wasa, minti 20, maimakon gajeren bidiyon ƙwallayen da aka ci, wanda ba ya nuna komai sai ƙarshen hari. Ka zaɓi ɗan wasa ɗaya, ka bar bin ƙwallo da ido, ka bi lambar rigarsa tun daga shigarsa har komawarsa benci. Ka rubuta yankin da ya fara, da sahun abokan hamayyar da aka tura masa, da yankin da ƙwallo take lokacin da ya fita, sa'an nan ka koma jadawali ka ga ko abin da ka rubuta ya yi daidai da kason Corsi da aka ba shi a wannan wasa.